Wa Ke Auna Kogunanmu?



Idan ka tsaya a kan babbar gada irin ta Wudil ko ta Gashuwa ka leƙa ƙasa, za ka iya hango wata sanda ko wani dogon farantin ƙarfe a jikin ƙafar gadar ko a gaɓar kogin, an zana masa lambobi kamar tef ɗin tela. Wannan ita ce sandar awon kogi. A ƙa'ida akwai mutum guda a garin da aka ɗora wa aikin zuwa safe da yamma ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi, a ba shi ɗan alawus a ƙarshen wata. Lokaci zuwa lokaci kuma ma'aikata su zo da na'ura, su shiga kwalekwale ko su zura ta daga saman gada, su auna faɗin kogin da zurfinsa da saurin gudunsa. Idan aka haɗa awon nan biyu, sai a iya cewa duk ranar da ruwa ya kai lamba kaza a jikin sanda, to ruwa kaza ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Kuma ba a yi sau ɗaya a huta, domin kogunanmu na yashi ne. Damina ɗaya tana iya cike wani gefe ta ƙwaƙule wani, lissafin bara ya tashi daga aiki.

Duk wani dam da aka gina, da gada, da filin noman rani, da gargaɗin ambaliya da kake ji a rediyo, a kan wannan littafin na mai karanta sanda suke zaune. Shi ya sa da shi na fara, alhali maganar da na zo da ita yau ta manyan makarantu ce, wato karatun digiri na biyu da na uku a fannin ruwa da muhalli. Kowace shekara jami'o'inmu suna yaye masu waɗannan digirori, iyaye su yi murna, a yi walima, kuma murnar tana kan hanya. Abin da ke damuna shi ne masu digirin suna ƙaruwa, amma sanin da muke da shi game da kogunanmu da rijiyoyinmu bai ƙaru daidai da su ba.

Mu tuna Maiduguri. A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange, ya shiga babbar kasuwa, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, wannan madatsar ta taɓa jawo wa garin irin wannan musiba. Bayan an yi jaje an raba tallafi, tambayoyin da suka rage na masana ne. Ruwan sama nawa ya sauka a yankin da ke shayar da kogin Ngadda, wanda madatsar ke kansa, a makonnin da suka gabaci ambaliyar? Laka nawa ta taru a cikin dam ɗin tun da aka gina shi a shekarun 1980, har ta rage masa ciki? Idan ruwa ya kai wani matsayi a can sama, awa nawa yake ɗauka kafin ya iso gari? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan ta isa aikin digiri na uku. Amma ba a amsa su a rana ɗaya bayan ɓarna ta auku. Sai da awon shekara da shekaru a hannu.

Tarihi ma ya riga ya koya mana wannan darasi a wannan yanki. A 1963 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000. A kan wannan cikar aka tsara babban aikin noman rani na kudancin tafkin a wajen Marte, wanda aka yi niyyar ya shayar da sama da hekta 60,000 na alkama da shinkafa. Aka haƙa doguwar hanyar ruwa, aka kafa manyan injinan turo ruwa, aka kashe dukiya mai yawa. Kafin aikin ya kankama fari ya zo, na farkon shekarun 1970 da na tsakiyar 1980, tafkin ya ja da baya ya bar bakin hanyar ruwan a tudu. Waɗanda suka tsara aikin ba jahilai ba ne. Sun dogara ne da awon 'yan shekaru masu albarka, suka ɗauka haka tafkin yake kullum. Har yau kuma za ka ji ana ta maimaita cewa tafkin yana ƙafewa yana gab da ɓacewa, alhali binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa tun bayan ƙanƙancewar shekarun 1980 ya ɗan farfaɗo, yana cika yana raguwa gwargwadon abin da kogunan Shari da Logon suka kawo masa. Wanda zai tsara wa mutanen Baga ko na Bosso rayuwa yana bukatar ya san wanne ne gaskiya a cikin maganganun nan biyu.

Bari in kai ku Nijar, domin akwai wani bincike a can da ya kamata kowane ɗalibin ruwa ya sani. A yankin da ke gabas da Yamai, tun shekarun 1960 ake zura igiyar awo a rijiyoyin ƙauyuka ana rubuta zurfin ruwa. Daga baya masu bincike na Faransa da na Jami'ar Abdou Moumouni da ma'aikatar ruwa ta ƙasar suka ci gaba da aikin, rijiya bayan rijiya, shekara bayan shekara. Kowa ya san ruwan sama ya ragu a Sahel daga 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1990, don haka kowa zai ce ai ruwan rijiya ma ya yi ƙasa. Da aka jera awon sai aka ga akasin haka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili kuwa, an sare daji an mai da shi gonakin gero, fuskar ƙasa ta daskare, ruwan sama ya daina tsayawa inda ya sauka. Sai ya gangara ya taru a tafkuna da kududdufai, daga can ya tsiyaya ƙasa ya isa ga ruwan rijiya. Kada wani ya ji wannan ya ce ashe sare itace alheri ne. Ruwan da ke gangarawar shi ne ke kwashe ƙasar noma, ya bar kwazazzabai, kuma irin wannan ƙaruwar gudun ruwa tana cikin abin da ke ƙara wa Yamai ambaliya, kamar ta 2020 da kogin Kwara ya kai matsayin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a sandar birnin. Abin lura shi ne babu wanda zai gano wannan da zama a ofis, kuma babu ɗalibin da zai gano shi a damina ɗaya. Mutane ne suka riƙe aiki ɗaya fiye da shekara 40, wannan ya miƙa wa wancan.

Mu ma a gida muna da wurin da bincike ya taɓa yin tasiri, wato fadamar Haɗejiya da Nguru. A nan zan ɗan daɗe, domin duk abin da nake son faɗa yana cikin labarinta.

Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna haɗuwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi, su rarrabu gida-gida, su malala. Kafin a gina manyan madatsu, a shekara mai albarka ruwan yakan rufe murabba'in kilomita 2,000 ko fiye. Manomi ya shuka shinkafa da zuwan ruwa, idan ya janye ya bi danshi ya shuka wake ko alkama ko kayan lambu. Masunci ya kama kifi, Bafulatani ya kawo shanu da rani, ruwan da ya tsiyaya kuma ya cika rijiyoyin garuruwa masu nisa. Abin da ya rage ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Damasak, ya shayar da gonakin tattasai na Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi. Sai aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka gama na Challawa a 1992, don ruwan sha na Kano da noman rani na Kadawa da Kura da sauransu. Waɗannan ayyuka sun amfani jama'a, babu mai musu. Amma sun canza halin kogin. Ambaliyar damina da mutanen fadama ke jira ta ragu, sannan kogin da a da yake bushewa da rani ya koma yana gudana duk shekara saboda ruwan da ake saki.

Ruwan da ba ya yankewa kuma ba shi da zurfi, shi ne abin da ciyawar kachala ke so. Ta bazu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Ruwan da ya saba bin tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana ya karkata ya tafi ta hanyar ruwa ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sai ga wani gari ruwa ya cinye masa gonaki shekara da shekaru, wani garin kuma ƙasa ta bushe masa ƙayau. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikin kachalar, suna fitowa su far wa shinkafa da gero. Ka tambayi manomin Guri ko na Nguru, zai ba ka wannan labari dalla-dalla, har da shekarar da abin ya fara a gonarsa.

Daga 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye wannan fadama, masana na gida da na waje suka zauna a Nguru suna aiki. Suna shawagi da jirgin sama suna auna faɗin ruwa, suna ƙirga tsuntsaye, suna bin rijiyoyi, suna zama da manoma da masunta. A 1993 aka buga littafi a kan fadamar wanda masana uku, Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano, suka tsara. Wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, shi da abokan aikinsa suka yi lissafin da ya girgiza masu tsare-tsare: idan aka ɗauki ma'aunin ruwa guda, amfanin da yake samarwa a fadama ta hanyar noma da su da itace ya ninka abin da yake samarwa a babban aikin noman rani na sama. Kafin wannan lissafi, ana kallon ruwan da ya malala a fadama a matsayin ruwan da ya tafi a banza. Bayansa sai aka fara maganar sakin ruwa daga madatsu da gangan a lokacin da fadama ke bukata. Lissafin ya kuma ba jihohin Yobe da Borno hujja a muhawarar dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin Jama'are. A 2000 aka sanya yankin tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci, a 2006 kuma jihohin da kogin ya ratsa da gwamnatin tarayya suka amince da kafa asusun kula da shi, mai ofis a Damaturu.

To ka ga abin da bincike ke iya yi idan ya zauna wuri ɗaya ya daɗe. Abin takaicin shi ne irin wannan aiki a wurinmu yakan rayu ne muddin kuɗin masu tallafi na waje suna shigowa. Ranar da shiri ya ƙare, motoci su tsufa, ma'aikata su watse, mai karanta sanda ya ga watanni ba alawus ya koma gonarsa. Ba laifinsa ba ne. Sai a wayi gari littafin awo yana da giɓin shekara biyar ko goma, kuma ruwan da ya wuce ba a auna ba, babu kuɗin da zai dawo da shi a auna.

Wa ya kamata ya riƙe irin wannan aiki idan baƙi sun tafi? Amsata ita ce jami'a, ta hannun ɗalibanta na digiri na biyu da na uku. Gwamnati tana canzawa, shirin tallafi yana ƙarewa, amma jami'a tana nan, kuma kowace shekara sababbin matasa suna shigowa suna neman abin da za su yi bincike a kai. Kuma ba mu rasa wuraren ba. Akwai sashen albarkatun ruwa da injiniyancin muhalli a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, tun 1979. Akwai cibiyar nazarin noma a busassun yankuna a Jami'ar Bayero, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Jami'ar Maiduguri tana da masanan ruwan ƙarƙashin ƙasa da suka daɗe suna nazarin tafkin Chadi da kewayensa. Akwai shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa, mai rassa a Minna da Akure da Yamai. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, wadda ta horar da ma'aikatan ruwa da yanayi na ƙasashen Sahel masu yawa. Malamai na ƙwarai suna nan a waɗannan wurare, wasu sun ƙi tayin aiki a waje sun zauna.

Amma mu dubi yadda ɗalibi yake yin aikinsa a zahiri. Yawanci shi ke ɗaukar nauyin kansa, sau da yawa ma'aikaci ne mai iyali. Ya gama darussan aji, ya zo wajen bincike, aljihunsa ne zai yanke masa abin da zai yi. Ya sayi robobi, ya wanke su, ya hau ɗan sahu ko babur ya je bakin kogi ya ɗebo ruwa, ya ɗiga sinadarin da zai hana samfurin canzawa, ya sa a kula da ƙanƙara. Ya iso makaranta a ce masa na'urar auna ƙarafa a cikin ruwa ta lalace, ko fitilarta ta ƙone ana jiran a kawo daga waje, ko babu wuta babu man janareta. Sai ya ɗauki samfurin zuwa wani gari, inda za a caje shi kuɗi a kan kowace roba da kowane ƙarfe da yake son a duba. Nan take robobi talatin su koma goma, ɗiba na damina da rani ya koma na wata guda. Ƙanƙarar ta narke a hanya. Sakamakon da ya fito, shi kansa bai ga yadda aka samo shi ba, an dai miƙo masa takarda. Malamin da ke duba aikinsa kuwa yana da ɗalibai fiye da ƙima, ga darussan 'yan digiri na farko, ga aikin ofis. Idan aka yi rashin sa'a yajin aiki ya faɗo, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, to damina guda ta wuce, kuma mai binciken ruwa da ya rasa damina ya rasa shekara.

Wannan matsi shi ke haifar da maimaici. Je ka ɗakin karatu na kowace jami'a a arewa ka duba kundayen da aka rubuta a kan kogin Jakara da Getsi da Challawa. Za ka tarar da su jibge. Kusan dukkansu sun auna sinadarin kuromiyam da ke fitowa daga masana'antun jima na Bompai da Sharaɗa da Challawa, sun auna dalma da sauran ƙarafa, sun ce ya wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, sun ba da shawarar gwamnati ta ɗauki mataki. Gaskiya suka faɗa. Amma wannan ya ɗebi ruwansa a nan, wancan ya ɗeba a can, wannan a watan Maris, wancan a Agusta, kowa da ɗakin gwajin da ya kai. Ba za ka iya jera su ka ce gubar tana ƙaruwa ko tana raguwa ba. Mai lambun da ke ban-ruwan latas da kabeji da wannan ruwa, da uwar gidan da ke sayen su a kasuwa, har yau ba a gaya musu wane wata ne ruwan ya fi muni ba, ko wane irin ganye ne ya fi jan gubar. Da a ce sashe ɗaya ya tsayar da wurare goma a kan kogin, ya ce duk ɗalibin da ya zo nan zai ɗiba, a rana kaza ta kowane wata, da hanya iri ɗaya, da yanzu muna da tarihin shekara ashirin da ko a gaban alƙali za a iya kai shi.

Wata sabuwar hanyar kauce wa wahala kuma ta shigo. Yanzu ɗalibi yana iya zama da kwamfuta ya sauko da bayanan ruwan sama na tauraron ɗan Adam kyauta daga intanet, ya zuba a manhaja, ta fitar masa da taswira mai launi-launi ta kogin da bai taɓa taka bakinsa ba. Ina goyon bayan a koyi waɗannan dabaru, kuma a wuraren da rashin tsaro ya hana shiga, kamar dajin Sambisa da ruwan Ngadda ke ratsawa, su ne kaɗai idon da muke da shi. Sai dai manhaja tana bukatar a gwada ta da awon ƙasa kafin a yarda da ita. Idan babu sanda a kogin, babu ma'aunin ruwan sama a ƙauyen, to kyan taswira ba ya nuna gaskiyarta. Bai kamata a ba mutum digiri na uku a kan kogi ba sai ya jiƙa ƙafarsa a cikinsa.

Batun ɗakin gwaji kuwa, Zamfara ta isa misali. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, ana zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka yi shakka, suka aika jini Turai, aka tabbatar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Masanan da suka zo daga Amurka sun zo da wata 'yar na'ura ta hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan dalma nan take, da ita aka bi gida-gida aka san inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka share shi. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Haƙar zinariya ba ta tsaya ba, ta ma ƙaru. Ya kamata a ce kowace jami'a da ke kusa da wuraren haƙar tana da irin wannan na'ura, da ɗaliban da suke zagayawa da ita a kai a kai.

A nan ne kuma zan sa baki a kan 'ya'yanmu mata. A Zamfara, cikin gida aka yi dakan, inda mata da ƙananan yara suke wuni. Randa da tulu da jarkar mai garuwa, duk a cikin gida suke, kuma sau da yawa ruwa yakan fito da tsabta daga famfo ya gurɓace a wurin ajiya. Namiji baƙo ba ya wuce zaure. Mace mai ilimin ruwa ita ce za ta shiga har ɗaki, ta ga inda ake ajiye moɗa, ta ji abin da matan gida ba za su gaya wa namiji ba. Iyaye da mazaje da ke ganin wannan karatu na yawon daji ne bai dace da mace ba, su sake tunani, domin rabin aikin ba mai iya yin sa sai ita.

Gyaran da nake gani ba ya bukatar sabon gini. Kowane sashe ya ɗauki kogi guda ko yanki guda ya ce nawa ne: Bayero ta riƙe Challawa da Jakara, jami'o'in Dutse da Gashuwa su riƙe fadamar Haɗejiya, Sakkwato ta riƙe Rima daga Goronyo zuwa ƙasa, Maiduguri ta riƙe Ngadda da Alau. Ɗalibi ya ɗora daga inda na gabansa ya tsaya, kuma kada a sa hannu a kundinsa sai ya miƙa ainihin lambobin da ya auna, an adana su inda na baya zai samu. Asusun TETFund, wanda ya gina azuzuwa da yawa ya kuma tura malamai karatu waje, ya ware wani kaso na dindindin don awo da gyaran na'urori da albashin masu kula da ɗakin gwaji, domin na'ura ba ta aiki sai da ƙwararren da ya san ta. Hukumomin raya koguna 12 da muke da su, da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, da hukumomin ruwa na jihohi, su riƙa kai wa jami'o'i tambayoyin da suka dame su, su buɗe wa ɗalibai tsofaffin littattafan awo ba tare da dogon zirga-zirga ba. Manyan shirye-shirye irin ACReSAL, mai dala miliyan 700 daga Bankin Duniya don jihohin arewa, a sa musu sharaɗin ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na uku a cikin aikin, don idan shirin ya ƙare a bar mana mutane.

Kuma duk wanda ya ɗebi ruwan rijiyar wani gari ya yi digiri da shi, akwai haƙƙin mutanen garin a kansa. Ya koma wurin mai gari, a tara jama'a, ya faɗa musu da Hausa ko Kanuri ko Fulfulde abin da ya gani: wannan rijiya a sha, waccan a bar wa wanki, masai ɗin can ya yi kusa da ita. Shafi guda ya isa.

Akwai wani aiki da ke jiran mai ɗauka tun yanzu, ba ya bukatar na'ura mai tsada. Kullum ana haƙa rijiyoyin burtsatse a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina, unguwa-unguwa, gida-gida. Mafi yawan waɗannan garuruwa a kan dutse suke zaune, ruwansu yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da tsagogin da ke ƙasa, shi ya sa wani ya samu ruwa maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. A Sakkwato da Borno kuwa ruwan yana cikin shimfiɗun yashi ne hawa-hawa, kuma na can ƙasa a yankin Chadi ya shekara dubbai a wurin, ruwan saman yau ba ya mayar da abin da aka zuƙe. Kowane mai injin haƙa ya san a mita nawa ya bar jar ƙasa, a nawa ya taɓa dutse, a nawa ruwa ya feso, amma wannan sani yana tafiya da shi ranar da ya naɗe kayansa. Ɗalibi guda da littafi da igiyar awo, idan ya bi masu haƙar unguwa ɗaya ya rubuta abin da suka tarar, sannan ya riƙa komawa duk wata yana auna zurfin ruwan rijiyoyi ashirin, a cikin shekara biyu zai iya gaya wa mutanen unguwar ko ruwansu yana sauka, da kuma saurin da yake sauka.